Ƙwayoyin da ke hana tumatir ruɓewa

'Yan uwa mata, duk mun san halin tumatir. Daga Janairu zuwa Maris na Kadawa da Danja yakan cika kasuwa, kwando ya yi arha. Wadda ta ci bashin asusu ta saro, kwana 3 ko 4 sai ta ga ruwa na ɗiga daga gindin kwando.

Abin da ke ruɓar da shi wasu ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, suna shiga ta inda ya fashe ko ya ƙurje. Amma fa ba duk ƙwaya ce ta cuta ba. Waɗanda ke mayar da madara kindirmo, su sa gasarar koko ta yi tsami, masu amfani ne. Zaƙi suke ci su fitar da tsami, da yawa daga cikin masu ruɓarwa kuwa ba sa jure tsami. Masu bincike ma sun gwada fesa wa tumatir irin ƙwayar da ke nunar da daddawa, sun ga tana rage ruɓa.

Ga hanyar da nake koyarwa, wadda za ku iya a gida:

1. Ku zaɓi tumatir mai ƙarfi, marar tabo, ku wanke. Wanda ya fashe a yi miya da shi yau.
2. Ku tafasa ruwa lita 1, wato ledar fiya wata 2, ya huce. Ku narka gishiri cokalin cin abinci 3.
3. Ku jera tumatir a kwalba ko roba mai tsabta, ban da gwangwani, ruwan ya rufe shi. Ku danne kada ya taso.
4. Ku rufe ba gam ba, ku ajiye a inuwa.

Masu amfanin dama suna jikin tumatir, gishiri ke ba su fili. Kwana 3 zuwa 5 za ku ga kumfa, ku ji ƙamshin tsami. A wuri mai sanyi zai yi makonni. In ya yi yauƙi, ko ɗoyi, ko fumfuna, ku zubar, kada ku ɗanɗana.

Kar in ruɗe ku: zai yi laushi da tsami, na miya ne, ba na kasawa a faranti ba. In za ku yi miya ku rage gishiri.

Shawarata, kada ku taɓa kuɗin akwati tukuna. Kowacce ta gwada kwalba 1, ta kawo taron mako mu duba tare. In iyali sun yaba, sannan mu yi lissafin kwando.