Bari Ɗalibi Ya Zaɓi Harshen Wajen da Zai Koya

A 2004 aka daina tilasta wa ɗaliban Ingila koyon harshen waje daga shekara 14, kuma yawan masu ɗaukar Faransanci da Jamusanci a jarrabawar GCSE ya ragu matuƙa. Masu adawa da zaɓi kan kafa hujja da wannan. Sai dai Ingila ta ba da damar barin darasin ne ɗungurungum, wanda ya sha bamban da zaɓi tsakanin harsuna. Abin da ya dace a wajenmu shi ne koyon ya zama dole, amma ɗalibi ya zaɓi harshen: yaron Illela mai hulɗa da Ƙonni a tsallaken iyaka, Faransanci zai fi yi masa amfani, mai burin karatu a Masar kuwa Larabci, kuma WAEC na jarraba duka biyun. Ƙarancin malamai matsala ce ta gaske, amma makarantun gari ɗaya na iya yin tarayya a malami guda.