Zaɓen Kwamfutar Da Za Ta Riƙa Sarrafa Kayan Lantarkin Gida

'Yan kasuwa da masu gidajen haya da ke son a riƙa kunna fitilu, da na'urar sanyaya ɗaki, da famfon ruwa ba tare da sa hannun mutum ba, sukan fara da tambayar irin kwamfutar da ya kamata su saya. Manhajar da ta yi fice a wannan fanni ita ce Home Assistant, wadda Paulus Schoutsen ya ƙirƙiro a shekarar 2013, kuma kyauta ake samun ta.

Abin lura na farko shi ne, wannan kwamfuta ba a kashe ta dare da rana. Saboda haka wutar da take ci ta fi saurinta muhimmanci. Ƙaramar na'ura irin Raspberry Pi 4, wadda aka fitar a Ingila a 2019, tana cin kimanin wat 5, wato kusan yunit 44 a shekara. Tsohuwar kwamfutar tebur mai cin wat 80 kuwa za ta ci kusan yunit 700. A kan farashin N225 kowane yunit, wanda hukumar NERC ta sanya wa masu rukunin Band A a watan Afrilun 2024, na farko bai kai N10,000 a shekara ba, na biyu kuma ya haura N157,000. Ke nan arahar tsohuwar kwamfuta a kasuwar Computer Village ta Ikeja tana iya komawa tsada.

Abu na biyu shi ne ma'ajiyar bayanai. Manhajar tana rubuta bayanai babu ƙaƙƙautawa, ƙaramin katin SD kuma yakan gaji da wuri, ko ya lalace idan aka ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu. Ma'ajiyar SSD ta fi juriya. Akwai kuma Home Assistant Green, na'urar da ta fito a 2023 a kan dala 99, wadda ke zuwa da manhajar a cikinta.

Wanda zai haɗa kyamarorin tsaro masu gane mutum ko mota, yana bukatar abin da ya fi waɗannan ƙarfi, kamar ƙaramar kwamfuta mai ɗauke da Intel N100. Haka nan kwararan fitila da makullai masu amfani da tsarin Zigbee suna bukatar ɗan ƙaramin eriya da ake soka wa a ramin USB.

Kowace na'ura aka zaɓa, wajibi ne a jona ta da batirin inbata ko UPS, a kuma riƙa adana kwafin saitinta a wani wuri dabam. In ba haka ba, ɗaukewar wuta sau ɗaya tana iya shafe aikin watanni, ta bar mai gida yana neman ma'aikaci ya sake tsara komai daga farko.