Ƙwallon Kwandon Amurka: Ba A San Maci Tuwo Ba Sai Miya Ta Ƙare

A kowace shekara idan watan Oktoba ya kama, wato lokacin da ake shirin buɗe sabuwar kakar wasan ƙwallon kwando ta ƙwararru a Amurka, jaridu da gidajen talabijin sukan shiga rige-rigen jera kulob-kulob talatin na gasar NBA, tun daga wanda suke zaton zai ɗauki kofi har zuwa wanda suke ganin zai zama kurar baya. Samari masu sha'awar wannan wasa, ciki har da ɗalibai da ma'aikatan ƙasar nan da kan hana idonsu barci don kallonsa da tsakar dare, sukan karɓi irin wannan jeri tamkar yankan wuƙa. Amma fa abin da ya auku daga shekarar 2018 zuwa 2025 ya nuna cewa akwai bukatar a riƙa karanta shi da lura.

Ga wanda bai saba da gasar ba, tsarinta shi ne: kulob 29 suna Amurka, ɗaya kuma yana birnin Toronto na ƙasar Kanada. An kasa su gida biyu, Gabas da Yamma, kowane gida kulob 15. Kowane kulob yakan buga wasa 82 daga Oktoba zuwa Afrilu, sa'an nan kulob 16 su shiga zagayen fid da gwani, inda abokan karo biyu sukan yi ta gwabzawa har sai ɗaya ya ci wasa huɗu. Wanda ya tsallake zagaye huɗu, wato ya ci wasa 16, shi ne zakara a cikin watan Yuni. Tafiya ce ta wata takwas, wadda mai jeri yake ƙoƙarin hango ƙarshenta tun ba a jefa ƙwallo ko sau ɗaya ba.

MASANA SUN FAƊA, FILI YA ƘARYATA

Hukumar gasar takan tambayi manyan manajojin kulob-kulob kafin a soma wasa, kowa ya faɗi wanda yake ganin zai zama zakara, bisa sharaɗin kada ya zaɓi nasa. Waɗannan mutane su ne masu saye da sayar da 'yan wasa, babu wanda ya fi su sanin ciki da wajen sana'ar. To ga yadda ta kaya da su.

A 2018 sun zaɓi Golden State, sai Toronto ta ɗauki kofi. A 2019 mafi yawan ƙuri'u sun tafi ga Los Angeles Clippers, sai maƙwabciyarta Lakers ta ci. A 2020 suka koma bayan Lakers, sai Milwaukee ta yi nasara. A 2021 kashi 72 cikin ɗari sun ce Brooklyn, sai ga Golden State da kofi. A 2022 Milwaukee ce a kan gaba a ƙuri'unsu, amma Denver ta zama zakara. A 2023 ne kaɗai suka kusa dacewa, domin ƙuri'un Boston da Denver sun zo kunnen doki, Boston kuwa ta ci. A 2024 mafi rinjaye suka ce Boston za ta maimaita, sai Oklahoma City ta raba gardama.

Wato a cikin shekaru bakwai, daga 2019 zuwa 2025, an sami zakaru bakwai dabam-dabam, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin gasar. Dalilan da suka jawo haka guda uku ne, kuma duk mai son jera kulob-kulob da hankali tilas ya auna su.

NA FARKO: LAFIYAR JIKI

Mai jeri yakan ƙidaya sunaye a takarda, ya manta cewa kowane suna yana tafe ne a kan gwiwa biyu da agara biyu. A wasan ƙarshe na 2019, Golden State ta rasa Kevin Durant a karo na biyar sa'ad da agararsa ta tsinke, wato babbar jijiyar nan ta bayan dunduniya, ta kuma rasa Klay Thompson a karo na shida saboda tsinkewar jijiyar gwiwa. A kakar da ta biyo baya, kulob ɗin da ya je wasan ƙarshe sau biyar a jere ya ci wasa 15 kacal, ya sha kaye a 50.

A 2023 Milwaukee ta fi kowa yawan nasara, da wasa 58, amma Giannis Antetokounmpo ya faɗi ya bugu a baya tun a karon farko na fid da gwani, Miami kuwa, wadda ta shigo a matsayi na takwas, ta yi waje da ita. Philadelphia ma an sa ta a sahun gaba a 2024 bayan ta ɗauko Paul George, sai babban ɗan wasanta Joel Embiid, haifaffen Yawunde ta Kamaru, ya buga wasa 19 kawai, kulob ɗin ya ƙare da nasara 24.

Shekarar 2025 ta fi kowace tsanani ta wannan fuska. A cikin wata biyu agarar manyan 'yan wasa uku ta tsinke: Damian Lillard na Milwaukee a Afrilu, Jayson Tatum na Boston a Mayu, da Tyrese Haliburton na Indiana ran 22 ga Yuni, a cikin kashin farko na karo na bakwai na wasan ƙarshe. Babu wani alƙalami da ya hango wannan a watan Oktoba.

NA BIYU: TARON TAURARI BA SHI NE KULOB BA

Babu abin da ya fi ruɗar masu jeri kamar ganin an tara shahararru uku a riga ɗaya. Brooklyn ta haɗa Kevin Durant da James Harden da Kyrie Irving, aka yi ta cewa kofi ya sami gida. Amma Irving ya ƙi yarda a yi masa allurar rigakafin cutar korona, dokar birnin New York kuwa ta hana shi buga wasannin gida na tsawon watanni. Harden ya gaji, aka yi musayarsa zuwa Philadelphia a Fabrairun 2022. Jimillar wasannin da mutanen nan uku suka buga tare 16 ne tak. Boston ta kore su a zagayen farko, huɗu ba ko ɗaya.

A wannan kaka dai Lakers ta ƙara Russell Westbrook a kan LeBron James da Anthony Davis, ta ƙare da nasara 33 da kaye 49, ko ƙofar fid da gwani ba ta leƙa ba. Phoenix ta bi sawu a kakar 2024 zuwa 2025: ta fi kowane kulob kashe kuɗin albashi a kan Durant da Devin Booker da Bradley Beal, ta tashi da nasara 36. Dalili kuwa a fili yake. Ƙwallo ɗaya ce a fili, mutum biyar ke wasa, kuma dole a sami masu tsaron gida da masu aikin wahala waɗanda jarida ba ta buga hotonsu. Idan albashin mutum uku ya cinye asusu, sai benci ya zama fayau.

Sai a dubi waɗanda suka ci. Milwaukee ta ɗauki Giannis, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne mazauna Girka, a lamba ta 15 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2013, ta yi haƙurin shekara takwas, har ya zuba maki 50 a karon da ya ba ta kofinta na farko tun 1971. Denver ta tsinci Nikola Jokic ɗan ƙasar Sabiya a lamba ta 41 a 2014, ta jira shekara tara. Oklahoma City kuwa ta sallama Paul George ga Clippers a Yulin 2019, ta karɓi wani saurayi ɗan Kanada, Shai Gilgeous-Alexander, tare da damar zaɓen sababbin 'yan wasa har biyar a zagayen farko. Ta ci wasa 22 a 2021, sa'an nan 24, sa'an nan 40, sa'an nan 57, har ta kai 68 da kofi a 2025. Sannu ba ta hana zuwa.

Wannan ba ya nufin cewa kasada ba ta taɓa biya. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya kuma shugabanci harkokin wasa na Toronto daga 2013 zuwa Yunin 2025, ya sallami mai horarwarsa a 2018 bayan nasara 59, ya ba da DeMar DeRozan, ɗan lelen 'yan kallo, ya karɓo Kawhi Leonard wanda wasa tara kawai ya buga a kakar da ta gabata. Jama'a da dama sun ga baikensa, amma a Yunin 2019 kofi ya ƙetare iyakar Amurka karo na farko. Abin lura shi ne, Ujiri ya ɗora tauraro guda ne a kan ginin da ya shekara biyar yana yi, da mutane irin su Kyle Lowry da Pascal Siakam ɗan Kamaru.

NA UKU: DOKAR ALBASHI

A 2023 hukumar gasar da ƙungiyar 'yan wasa suka sa hannu a kan sabuwar yarjejeniya wadda ta ɗaure masu hannu da shuni. Akwai iyakar albashin da aka yanka wa kowane kulob, wadda ta kai dala miliyan 154 da 'yan kai a kakar 2025 zuwa 2026. Kulob na iya haura ta ya biya haraji, amma idan ya wuce wani shinge na sama, wanda aka sa a dala miliyan 207 da 'yan kai a wannan kaka, sai a hana shi haɗa albashin mutum biyu don musayar babban ɗan wasa guda, a hana shi ba da tsabar kuɗi a ciniki, a kuma ɗaure masa damar zaɓensa ta zagayen farko ta shekara ta bakwai mai zuwa.

Sakamakon haka shi ne, zakara yakan soma zubar da ganye tun ba a gama shagalin kofi ba, domin kowane ɗan wasansa ya ƙara daraja. Denver ta rasa Bruce Brown a 2023, ta rasa Kentavious Caldwell-Pope a 2024. Boston, wadda ta ci wasa 64 da kofinta na 18 a 2024, ta rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porzingis a bazarar 2025 don ta sauko ƙarƙashin shingen. Saboda haka wanda ya kwafi sakamakon bara ya kira shi jerin bana, ya jera kulob ɗin da babu shi.

ABIN DA ZATO KAN JAWO

Kada a ɗauka wannan jeri hira ce kawai ta bakin titi. Idan aka ɗora kulob a sama ya gaza, wani ne zai rasa abincinsa, galibi kuwa mai horarwa. Frank Vogel ya ci kofi da Lakers a 2020, aka kore shi a 2022. Nick Nurse na Toronto, zakaran 2019, an sallame shi a 2023. Mike Budenholzer ya kai Milwaukee ga kofi a 2021, aka raba shi da aiki a 2023. Michael Malone na Denver kuwa an kore shi a Afrilun 2025, saura wasa uku a rufe kaka, ƙasa da shekara biyu bayan ya ɗaga kofi. Haka nan samarin da kan zuba kuɗinsu a caca bisa dogaro da irin wannan hasashe, ya kamata su tuna cewa manajojin da ke cikin ɗakin ma sun sha kuskurewa.

YADDA YA DACE A JERA SU

Bisa ga darussan nan, ana iya kasa kulob-kulob sahu huɗu kafin kowace kaka.

Sahun farko shi ne na kulob mai gwarzo guda wanda ke kan ganiyarsa, wanda 'yan wasansa suka shekara biyu ko uku tare, bencinsa kuma yana da mutum huɗu ko biyar da za a iya dogara da su. Denver ta 2023 da Boston ta 2024 da Oklahoma City ta 2025 duk a nan suke.

Sahu na biyu na masu cin wasa da yawa ne waɗanda ba a gwada su a wuta ba. Cleveland ta ci wasa 64 a kakar 2024 zuwa 2025, amma Indiana mai nasara 50 ta fid da ita a zagaye na biyu, huɗu da ɗaya. Yawan nasarar hunturu ba ya ba da tabbacin kome a watan Mayu, kamar yadda Golden State ta gani a 2016 bayan ta ci wasa 73 ta rasa kofi.

Sahu na uku na taron tsofaffin taurari ne masu tsadar albashi. Su ne jarida ta fi so, su ne kuma suka fi ba da kunya. Duk da haka ba a raina tsohon hannu: a 1995 Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya shigo fid da gwani da Houston a matsayi na shida da nasara 47, ya kare kofinsa, ya share Orlando huɗu ba ko ɗaya.

Sahu na huɗu na masu gini ne, waɗanda ke shan kaye yau suna tara matasa. Masu jeri sukan wuce su da layi ɗaya, alhali Oklahoma City a nan take a 2021, shekara huɗu kafin ta zama zakara.

Don haka idan sabon jeri ya fito, mai karatu ya yi wa kowane kulob tambaya uku: shin manyan 'yan wasansa wasa nawa suka buga bara, shekara nawa suka yi tare, kuma wa zai shigo fili ran da gwarzon ya kwanta? Jerin da ya amsa waɗannan ya cancanci a saurare shi. Sauran kuwa sai a bar wa watan Yuni.