Wanda aka sa wa raga a jijiyar zuciya, kada ya tsallake maganinsa ko na kwana ɗaya

Magidanta na Dutsin-Ma da Kurfi da kewaye, wannan saƙon naku ne, musamman mai jinyar wanda aka yi wa aikin zuciya.

Idan jijiyar da ke kai wa zuciya jini ta toshe, likitoci kan zura ɗan bututun ƙarfe mai kama da raga su buɗe ta, suna ce masa sitent. A Faransa aka fara sa shi a shekarar 1986. To amma jini baƙo yake ɗaukar ƙarfen nan. Ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini sai su taru a kansa, su yi guda, hanya ta sake toshewa farat ɗaya. Haɗarin ya fi yawa a kwana 30 na farko, kuma yana kisa.

Shi ya sa ake haɗa magani biyu: asfirin da clopidogrel, ko asfirin da ticagrelor. Bayan toshewar gaggawa, yawanci wata 12 ake yi ana shan su tare. Likitan zuciya ne kaɗai zai ce a rage.

Jin sauƙi ba warkewa ba ne. Zuma da habbatus sauda ba sa tsayawa a madadin ƙwayoyin nan. Kafin su ƙare da mako guda a nemo wasu, don ba kowane kemis ke da ticagrelor ba, kada sai daren ƙarshe a fara neman motar Katsina.

Maganin yana sa jini ya daɗe bai tsaya ba. Don haka kada a je wa wanzami ƙaho, ko a cire haƙori, sai da sanin likita. A guji diclofenac da ibuprofen. Kafin watan azumi a tambayi likita ko za a iya ɗauka, da yadda za a raba shan magani tsakanin sahur da buɗa-baki.

In aka ga baƙin bayan gida, aman jini, ko ciwon ƙirji ya dawo da zufa, a garzaya babban asibiti mafi kusa, a tafi da kwalin maganin a hannu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa 'yan uwa.