Ko Kun Sani? Asalin Cutar Sikila a Cikin Jini

Cutar sikila, wadda Hausawa ke kira amosanin jini, ta samo asali ne daga sauyin amino asid guda ɗaya tak. Amino asid ƙananan sinadarai ne iri 20 da jiki ke jerawa kamar 'ya'yan carbi domin ƙera furotin, kuma yadda aka jera su shi ke ƙayyade yadda sarƙar za ta naɗe da aikin da za ta yi. Himogulobin, wato furotin ɗin da ke dakon iskar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini, sarƙoƙi huɗu ne: biyu na alfa masu amino asid 141 kowace, da biyu na beta masu 146.

A jikin mai sikila, amino asid mai suna balin ne ke zaune a gurbi na 6 na sarƙar beta, inda gulutamik asid ya kamata ya kasance. Shi gulutamik asid yana jituwa da ruwa, alhali balin gudun ruwa yake yi, don haka da zarar oksijin ya yi ƙaranci sai himogulobin ya manne wa ɗan'uwansa, su zama dogayen zaruruwa masu tauri da ke lanƙwasa ƙwayar jini kamar lauje har ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Masanin kimiyya Linus Pauling ya nuna bambancin himogulobin na masu sikila a 1949 a Amurka, sannan wani masanin, Vernon Ingram, ya gano ainihin musanyar a 1957 a Ingila.