Ko Kun Sani? Waya Biyu Ba Ta Ninka Gudun Kwamfuta Ɗaya

Ko kun san cewa idan aka haɗe wayoyi biyu masu gudun gigabit ɗai-ɗai a jikin na'urar ajiyar bayanai ta NAS, irin su Synology ko QNAP, kwamfuta ɗaya da ke kwafar fayil ba za ta wuce gudun waya guda ba, wato kusan megabait 125 a daƙiƙa?

Dalili kuwa shi ne, tsarin haɗe wayoyin yana duba adireshin mai aikawa da na mai karɓa, ya ɗora duk hirarsu a kan waya ɗaya, don kada gutsattsarin bayanai su isa a hargitse. Ko da an shimfiɗa titi biyu daga Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi, mota ɗaya titi guda za ta bi. Cunkoso ne zai ragu.

Ribar tana fitowa ne idan kwamfutoci da yawa suna ɗibar bayanai lokaci guda, domin ana raba su tsakanin wayoyin. Haka kuma in waya ɗaya ta tsinke, sai ɗayar ta ci gaba da aiki.

Hukumar IEEE ce ta fitar da ƙa'idar haɗe wayoyin a 2000 da sunan 802.3ad, ta mayar da ita 802.1AX a 2008. Kafin tsarinta na LACP ya yi aiki, dole a saita shi a NAS da kuma na'urar rarraba layi.