Binciken ƙwayoyin gado ya gano sawun mutanen da suka shuɗe a jikin al'ummun Afirka ta Yamma

A shekarar 2022 ne aka bai wa masanin ƙasar Suwidin, Svante Pääbo, lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci, saboda aikin da a da ake ganin ba zai yiwu ba: karanto ƙwayoyin gado, wato DNA, daga ƙasusuwan da suka shafe dubban shekaru a binne. Aikin nasa ya buɗe wani sabon babi a nazarin asalin ɗan Adam, kuma sakamakonsa ya iso har Najeriya.

Mutanen Neanderthal, waɗanda aka tono ƙasusuwansu a wani kwari kusa da birnin Dusseldorf na Jamus a 1856, sun zauna a Turai da yammacin Asiya, suka ƙare kimanin shekaru 40,000 da suka wuce. A 2010 ne Pääbo da abokan aikinsa na Cibiyar Max Planck da ke Leipzig suka nuna cewa ba su ɓace ɗungurungum ba. Sun yi auratayya da magabatanmu da suka fita daga Afirka, don haka Turawa da mutanen Asiya na yau ke ɗauke da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na gadonsu. A shekarar dai, wani ɗan guntun ƙashin yatsa daga kogon Denisova na Siberiya ya tona asirin wata al'umma ta daban da ba a taɓa sanin da ita ba.

Wannan gado yana da tasiri a lafiyar jiki. Mutanen Tibet sun gaji wata ƙwayar halitta daga mutanen Denisova, wadda ke taimaka musu rayuwa a kan tsaunuka inda iska ba ta da wadatar sinadarin numfashi. A 2020 kuma Pääbo da Hugo Zeberg suka gano cewa wani yanki na gadon Neanderthal yana ƙara haɗarin tsanantar cutar korona. Kusan rabin mutanen kudancin Asiya na ɗauke da shi, amma da ƙyar ake samunsa a Afirka.

An daɗe ana cewa 'yan Afirka ba su da alaƙa da wannan labari. Masu bincike na Jami'ar Princeton ta Amurka sun gyara wannan magana a 2020, inda suka samu kimanin kashi 0.3 cikin 100 na gadon Neanderthal a jikin 'yan Afirka, wanda suke ganin mutanen da suka komo nahiyar daga Turai da Asiya ne suka kawo galibinsa.

Wanda ya fi ɗaukar hankali shi ne binciken Arun Durvasula da Sriram Sankararaman na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, shi ma a 2020. Sun nazarci ƙwayoyin gadon Yarabawa da 'yan ƙabilar Esan na Najeriya, da Mende na Saliyo, da mutanen yammacin Gambiya, suka ce kashi 2 zuwa 19 cikin 100 na gadonsu ya fito ne daga wata tsohuwar al'umma da babu ko ƙashinta ɗaya a hannun masana. Ta hanyar lissafi kawai aka hango ta, kamar yadda maharbi ke gane dabba daga sawunta. Tazarar da ke tsakanin 2 da 19 kaɗai ta isa ta nuna cewa da sauran aiki. Hasali ma wani bincike da mujallar Nature ta wallafa a 2023 ya nuna cewa ana iya fassara alamomin da cuɗanyar da tsofaffin al'ummun Afirka suka riƙa yi da juna, ba sai an kawo wata ɓoyayyiyar al'umma ba.

Abin da zai raba gardama shi ne ƙashi, amma zafi da danshin yankinmu na saurin lalata DNA. Shi ya sa masana ke yawan waiwayar ƙoƙon kan da Thurstan Shaw ya tono a 1965 a Iwo Eleru, kusa da Akure a Jihar Ondo. Shekarunsa kimanin 13,000 ne kawai, amma siffarsa ta fi kama da ta mutanen da suka girme shi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma matsalar ƙarancin bayanai. Afirka ce ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado, amma mafi yawan binciken da ake dogaro da shi wajen gano cututtuka da haɗa magunguna an yi shi ne a kan Turawa. Da shirin H3Africa ya nazarci mutum 426 kacal daga ƙabilu 50, ciki har da Birom na Jihar Filato, ya samu bambance-bambance sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubuta su ba.